Tallar Karatun Ƙetare a Wayar Hannu: Amfaninta ga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya san cewa fita waje neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A cikin tsofaffin ɗalibanta akwai Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya wuce Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. Sai dai a zamanin da ya yi wannan tafiya, sanin cewa akwai gurbi a wata jami'a ta ƙetare, da sanin ƙofar da ake bi a same shi, abu ne da ke hannun mutane ƙalilan: gidajen attajirai masu hulɗa da ƙasashen Larabawa, da manyan ma'aikatan gwamnati, da malaman da suka taɓa zuwa suka dawo. Ɗan manomin da ke Sundimina ko Kila, ko da shi ne zakaran ajinsu, yakan gama makaranta bai taɓa jin labarin gurbin da ya cancanta ba.

Yau labarin ya shigo aljihu. Matashin da ya gama sakandare a Gwaram, ko malamar jinya da ta fito daga kwalejin koyon jinya ta Birnin Kudu, da zarar sun buɗe Facebook ko TikTok suna iya cin karo da tallar jami'o'in Indiya da Masar da Turkiyya da Malesiya da Ingila, wata daga jami'ar kai tsaye, wata daga dillali. Jami'o'in duniya sun mayar da neman ɗalibai sana'a mai kasafin kuɗi da ma'aikata, kuma Nijeriya na cikin manyan kasuwanninsu. Rahoton Open Doors na Amurka ya nuna cewa a zangon karatu na 2023/2024 'yan Nijeriya 20,029 ne ke karatu a manyan makarantun ƙasar, adadin da ya sanya Nijeriya a mataki na bakwai a duniya, na ɗaya a Afirka.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne cewa wannan talla ta intanet tana da amfani na haƙiƙa ga ƙananan hukumomi irin Birnin Kudu da Gwaram, domin ta karya babakeren da aka daɗe ana yi wa labari. Amma amfanin nata yana tsayawa a zaure, ba ya shiga cikin gida, muddin sahihin bayani bai zo da Hausa ba, kuma muddin iyayen da ke biyan kuɗin ba su da hanyar tantance abin da ake tallata wa 'ya'yansu. Shigar da shi cikin gida aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa fiye da kowa.

Lokacin da labari ke hannun masu gata

Hausawa sun daɗe da sanin tafiya neman ilimi. Almajirai sun yi ta nufar gabas don haddar Alƙur'ani, maniyyata kuma da suka bi ta Sudan a ƙasa sukan yada zango su yi karatu a hanya. A wancan tsari labari yana bin baki ne, daga malami zuwa almajiri. Da boko ya zo sai zaɓen wanda zai fita ya koma hannun hukuma. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, Shaikh Abubakar Gumi kuma ya je Bakhtur Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Dukkansu zaɓo su aka yi aka tura.

Bayan samun mulkin kai tsarin bai sauya sosai ba. Sanarwar gurbin karatu takan fito a jarida ko a manna ta a allon ma'aikata, a Kano kafin 1991, a Dutse bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa. Mai ɗan'uwa a ofis ya ji da wuri, wanda ba shi da kowa ya ji bayan an rufe. Gwamnatocin jihohi sun yi ƙoƙari daidai gwargwado: Jigawa ta tura ɗaliban likitanci ƙasashen Sin da Sudan, Kano kuma ta tura ɗalibai masu yawa waje tsakanin 2011 da 2015. Amma guraben gwamnati ƙidayayyu ne, kuma suna rayuwa ne da ra'ayin wanda ke kan mulki. A 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da shirin tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashen waje, wanda ta hanyarsa gwamnatin tarayya ta daɗe tana tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya. Idan ƙofar gwamnati tana ƙara tsukewa, ƙofar da ɗalibi zai ƙwanƙwasa da kansa ita ce ta rage, kuma a intanet ake samun ta.

Amfanin tallar

Amfani na farko shi ne labari ya daina zama na masu gata kaɗai. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗe nemansa a farkon kowace shekara, yana ɗauke da kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da alawus na wata-wata, tare da shekara guda ta koyon harshen Turkanci. Tallafin Chevening na Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu ga wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu. Saudiyya ta buɗe shafi guda da ake neman gurbi a jami'o'inta, har da Jami'ar Musulunci ta Madina da malaman wannan yanki suka daɗe da sani. Asusun PTDF na Nijeriya shi ma ta intanet yake karɓar masu neman tallafinsa na karatun ƙetare. Ana tallata waɗannan a shafukan hukumomin da ke ba da su, kuma sanarwar da ta isa Maitama a Abuja ita ce ke isa Basirka a rana ɗaya. Cike takardar neman tallafin Turkiyya ko Chevening ba ya bukatar ko sisi, kuma sanin wannan kaɗai ya isa ya hana a karɓe wa mutum kuɗinsa da sunan fom.

Na biyu shi ne rage tsadar bincike. A da jami'o'in waje sukan kawo bajekolinsu ne manyan otal-otal na Legas da Abuja, wani lokaci Kano. Mutumin Gwaram da ke son halarta sai ya tanadi kuɗin mota da na kwana, don kawai ya karɓo takardu masu hoto. Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa jami'o'i mayar da irin wannan taro kan intanet, kuma da yawa ba su daina ba bayan ta lafa. Abin da a da ke cin kuɗin buhun gero yanzu kuɗin data yake ci.

Na uku shi ne gani, wanda Hausawa suka ce ya kori ji. Bidiyon ɗakin kwanan ɗalibai da ɗakin gwaje-gwaje da masallaci da wurin cin abinci yana amsa tambayoyin da takarda ba ta amsawa. Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata. Uban da ke shakkar barin 'yarsa ta tafi karatun likita yana son ya san inda za ta kwana, da wa za ta zauna, ko za a bar ta da hijabinta, ko abincin halal ne. Idan ya ga wurin, kuma aka haɗa shi ta WhatsApp da wata ɗaliba Bahausa da ke can ta yi masa bayani da bakinta, shawararsa takan tsaya a kan sani. Ko ya yarda ko ya ƙi, ya san abin da ya yarda da shi ko ya ƙi.

Na huɗu shi ne damar kwatantawa. Mai shafuka goma a gabansa yana iya auna kuɗin makaranta da tsawon karatu da tsadar rayuwa, ya gane cewa ƙetare ba Turai kaɗai ba ne. Jami'ar Musulunci da ke Say a Nijar, wadda aka buɗe a 1986, da Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, su ma karatun ƙetare ne, kuma mota ce ke kai mutum. Wannan dama takan zama mafita a lokacin tsanani. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka kwaso ɗaliban Nijeriya, gwamnatin Jigawa ta nema wa waɗanda take ɗaukar nauyinsu wasu makarantu a waje. Waɗanda suka tafi da kuɗin iyayensu kuwa dole su nemi makarantar da za ta karɓe su da kansu, kuma shafukan jami'o'i su ne ƙofa mafi kusa da su.

Talla ta mai kaya ce

Duk da haka, talla talla ce, kuma mai kaya ba ya tallata aibin kayansa. Yana da kyau a fahimci yadda take aiki. Mai talla yana biyan Facebook ko Google su nuna saƙonsa ga mutanen da ya zaɓa ta fuskar shekaru da wurin zama da abin da suka saba nema. Wanda ya taɓa danna talla ɗaya za a ci gaba da bibiyar sa da irinta. Jami'o'i da yawa kuma suna biyan dillali la'ada a kan kowane ɗalibin da ya kawo ya yi rajista. Don haka shawarar dillali takan karkata zuwa inda la'adarsa ta fi tsoka, ko da wata makarantar ce ta fi dacewa da yaron.

Misalan abin da ke biyo bayan cinikin biri a sama suna nan a rubuce. A watan Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da ita. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya kuma Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce fiye da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu sayen takarda da gangan, akwai kuma waɗanda suka zauna a aji da zuciya ɗaya a makarantar da ba a amince da ita ba. A 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu Arewacin Saifurus bayan mace-macen ɗalibai a can. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, majalisar MDCN mai ba likitoci lasisi ta bayyana cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet ba.

Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa saboda bai faru ba tukuna. A tsakiyar 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta kai naira 1,500. Iyalin da suka yi lissafin shekara huɗu da farashin farko sun wayi gari bashin ya ninka sau uku. A watan Mayun 2024 aka ruwaito yadda wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suka fuskanci umarnin barin ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Tun Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu.

Nijeriya tana da dokoki a kan wasu daga cikin waɗannan. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta ba ta ikon tantance tallace-tallace har da na intanet, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shafi wanda ke karɓar hoton fasfo da sakamakon WAEC na ɗalibi. Amma saƙon murya da ke yawo daga waya zuwa waya a Kantoga ko Zandam yana da wuya hannun hukuma ya kai gare shi. Kariya ta gaskiya ita ce mai sauraro ya san tambayar da zai yi.

Matsalar harshe

A nan ne maganar ta zo kan harshe. A gidan Bahaushe na karkara yaro ba ya yanke shawarar fita waje shi kaɗai. Uba ne da uwa da baffa da kawu za su zauna, kuma su ne za su kai shanu Kasuwar Sara, ko su sayar da riɗin bana, ko su jinginar da gona. Mafi yawan sahihin bayani, wato shafukan jami'o'i da na ofisoshin jakadanci da na Ma'aikatar Ilimi, da Ingilishi yake. Saboda haka wanda ke karantawa ya fassara wa masu biyan kuɗi shi ne yaron da ya ƙagu ya tafi. Ba sai ya yi ƙarya ba. Ya isa ya tsallake sakin layin da bai fahimta ba ko wanda bai yi masa daɗi ba. Dillalai kuwa sun riga sun gane darajar Hausa. Su ne ke yin gajeren bidiyo da saƙon murya da harshen da uba ke ji, da sallama da addu'a da alƙawari. Sakamakon haka, muryar da ta fi isa kunnen mai yanke shawara ita ce ta wanda ke da riba a cikin shawarar.

Kalmomin aro su ma suna ɓoye bambanci mai tsada. Kalmar sikolashif a bakin jama'a tana nufin an ɗauke wa mutum komai. A harshen masu talla kuwa tana iya nufin ɗaukar nauyi gaba ɗaya, ko yafe kuɗin makaranta kaɗai ban da ci da masauki, ko ragin kashi hamsin cikin ɗari, ko ragin shekarar farko kawai. Kalmar adimishan ba ta bambanta gurbin da aka tabbatar da wanda aka ba da bisa sharaɗin cin jarrabawar Ingilishi ko biyan kafin alƙalami. Haka nan idan aka ce makaranta “an amince da ita”, ba a faɗi wa ya amince ba: gwamnatin ƙasar da take ciki ce, ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke tantance takardun waje kafin bautar ƙasa, ko majalisar ƙwararru da ke ba da lasisin aiki? Matashin da ya karanto likitanci a waje ba zai taɓa marar lafiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ba sai ya ci jarrabawar da MDCN ke yi wa waɗanda suka yi karatu a ƙetare. Kowane ɗaya daga waɗannan bambance-bambance na iya zama gona guda.

Abin mamaki shi ne ƙasashen da jami'o'in nan suke sun daɗe da sanin cewa da Hausa ake isa ga Hausawa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, Turkiyya kuma ta shigo da TRT Afrika a 2023. Darasin da gidajen rediyo suka koya tun shekaru fiye da sittin bai kai ga ofisoshin ɗaukar ɗalibai ba. Gaskiya ne Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook ma ya samar da Hausa a 2016, amma fassarar na'ura takan yi tuntuɓe daidai inda ake bukatar ta tsaya daram, wato a sharuɗɗan kuɗi da na doka, domin babu tsayayyun kalmomin Hausa da za ta ɗauko.

Aikin da ke gaban masana Hausa

Aiki na farko shi ne samar da waɗannan kalmomi. Wannan ba sabon fage ba ne ga masana. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 1969, ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma tun 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Irin wannan himma ake bukata ga kalmomin karatun ƙetare: a bambanta cikakken ɗaukar nauyi da yafe kuɗin makaranta da ragi, a bambanta tabbataccen gurbi da gurbi bisa sharaɗi, a bambanta rajistar makaranta a ƙasarta da karɓuwar takardarta a Nijeriya. Jerin kalmomi ɗari ko ɗari biyu da aka yi ittifaƙi a kansu zai amfani ɗan jarida da mai fassara da malamin makaranta, kuma shi ne abin da na'urorin fassara za su koya daga gare shi nan gaba.

Na biyu shi ne a yi amfani da makaman tallar wajen yaɗa tambayoyin da ya kamata uba ya yi kafin ya fitar da kuɗi. Shin gwamnatin ƙasar da makarantar take ta san da ita? Shin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance takardarta, hukumar bautar ƙasa ta karɓa? Idan likitanci ne ko jinya ko injiniyanci, me majalisar ƙwararrun ta ce? Nawa ne jimillar kuɗin dukkan shekarun da dala, kuma ina za a samo shi idan naira ta sake faɗuwa? A asusun wa za a zuba kuɗin, na jami'a ko na wani mutum? Waɗannan tambayoyi biyar za su shiga saƙon murya na minti biyu. Tunda mai talla yana iya zaɓar wurin da saƙonsa zai sauka, sashen Hausa na kowace jami'a yana iya biyan kuɗi kaɗan a nuna irin wannan saƙo ga mazauna Birnin Kudu da Gwaram kaɗai, a lokacin da sakamakon WAEC da NECO ke fitowa. Gidan Rediyon Jigawa da Freedom da ke Dutse, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta BIKOBA, da shugabannin makarantu da limamai da hakimai, duk hanyoyi ne da saƙon zai bi ya kai ga wanda ba ya riƙe babbar waya.

Na uku shi ne nazari. Sassan Hausa sun daɗe suna nazarin harshen talla, daga kirarin 'yan kasuwa zuwa tallar rediyo. Bidiyoyi da saƙonnin dillalan karatu sabon rumbu ne: yadda suke aro salon wa'azi, yadda suke amfani da kunya da gasa tsakanin maƙwabta, inda suke sauya harshe zuwa Ingilishi idan an zo maganar kuɗi. Irin waɗannan saƙonni suna ɓacewa da sauri, don haka tattara su yanzu hidima ce ga ilimi, kuma abin da aka gano zai koma ya zama kariya ga jama'a.

Na huɗu ya shafi makomar ɗaliban Hausa kansu. Jami'ar waje da ke son ɗaliban Arewa da gaske tana bukatar mai rubuta mata sahihin bayani da Hausa, haka ofishin jakadanci, haka hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Idan aka sanya fassarar takardun hukuma da rubutu don kafafen intanet cikin manhajar digirin Hausa, an buɗe wa masu kammalawa hanyar abinci ta halal.

A juya akalar

Ilimin ƙasa da ƙasa hanya ce mai zuwa da dawowa. An daɗe ana koyar da Hausa a makarantar SOAS ta Landan, da Hambog da Warso da Beijin, kuma ɗaliban waɗannan wurare suna bukatar inda za su zo su ji harshen a bakin masu shi. Birnin Kudu tana da abin nunawa. Zane-zanen shanu da ke jikin duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsu masu amo da Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, sanannu ne ga masana tarihin Afirka. Jihar na da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa tun 2013. Gajeren kwas na koyon Hausa, wanda za a fara ta intanet a kammala da zama na 'yan makonni, abu ne da za a iya tallata wa duniya da kuɗi kaɗan. Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a shafukan sada zumunta a 2015 kuma ake yi duk 26 ga Agusta, ta nuna yadda saƙon Hausa ke iya zagaya duniya ba tare da kasafin gwamnati ba. Sharaɗin dai shi ne wanda aka gindaya wa baƙi: a faɗi gaskiya game da masauki da tsaro da kuɗi.

Kammalawa

Mai ƙorafi zai iya cewa sauƙaƙa hanyar fita waje taimaka wa guduwar ƙwararru ne, alhali asibitocin Jigawa na kukan ƙarancin likitoci. Ƙorafin yana da tushe. Amma rufe wa ɗan karkara labari ba ya hana 'ya'yan birni tafiya. Iyakarsa ya tabbatar da cewa gatan ya zauna inda yake. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, da ƙarancin guraben likitanci a gida, su ne ke tura mutane waje, kuma maganinsu gyaran jami'o'in gida ne. Kafin a kai ga wannan, wanda zai tafi ya fi kyau ya tafi makarantar da takardarta za ta ba shi damar dawowa ya yi aiki a Birnin Kudu ko Gwaram, domin mai takardar da ba a karɓa ba ya rasa can ya rasa nan.

Tallar intanet ta riga ta iso kudancin Jigawa, kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kawo labarin da a da sai mai gata ke ji, ta rage tsadar bincike, ta ba iyaye damar gani da ido. Abin da ya rage shi ne uban da zai sayar da saniyarsa ya ji cikakken bayani da harshensa, daga bakin wanda ba ya jiran la'ada. Masana Hausa suna da kalmomin da ake bukata, suna da ɗaliban da za su yi aikin, kuma jama'a na ganin girmansu. Sakamakon jarrabawar bana zai fito kamar na bara, tallace-tallacen kuma za su biyo bayansa a cikin mako ɗaya, don haka lokacin fara aikin shi ne kafin sannan.